Gurbin Lambar Lasisi

Kontagora, watan Yuni

Zuwa ga Goggo Ramotu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma kunnen? Ranar da na kira ki na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ke kuma kina ta cewa "Wa ke magana?" Shi ya sa na ce gara in koma takarda. Maikasuwa direba ya ce yakan bi ta unguwarku idan ya sauke fasinja a Abuja, zai riƙa miƙa miki.

Mu nan alhamdu lillahi. Inna na gaishe ki, sugan ne dai yana hawa yana sauka, ƙafarta ta hagu ta fara kumbura. 'Yata Kausar ta girma, har ta iya wanke tukunya. Tun rasuwar babanta ba ta cika magana ba, amma tana zuwa makaranta.

Goggo, abin da ya sa na rubuto shi ne, asibitin Dakta Andrew zai rufe. Ya samu aiki a ƙasar waje, mai ginin kuma ya ce shaguna zai mayar da wurin. Kin san tun da na baro makarantar jinya saboda ciwon Baba, ban ƙarasa ba, a nan nake. Da shara na fara, sai wankin kayan aiki, daga baya Dakta ya ga hannuna ya koya mini ɗibar jini. Yanzu duk wanda za a ɗebi jininsa a asibitin ni ce, yaro da babba. Har daga Salka da Nasko ake zuwa a ce ni ake so, wai ba a jin shigar allurata. Ban san wani aikin ba bayan wannan.

Takardun da nake da su ba yawa. Akwai ta sakandare, akwai sakamakon shekarun da na yi a makarantar jinya, sai wata takardar halartar bita kan ɗibar jini da aka yi mana a Minna. Dakta ya ce zai rubuta mini takardar shaida kafin ya tafi.

Ke ce kaɗai muke da ita a wannan layi cikin dangin Baba. Idan da wata ƙofa a asibitinku, ko ta goge-goge ce, ki tuna da ni. Ina kwana ina tashi da tunanin maganin Inna.

'Yarki,
Fa'iza

*

Abuja, watan Yuni

'Yata Fa'iza,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi. Ki gaishe mini da innarki, ki ce mata ta rage tuwon shinkafar nan, na san halinta. Ƙafar kuma a riƙa dubawa kullum, ko ƙaramin ciwo kada a raina. Kunne na nan yadda kika sani, na dama ya tafi, na hagu ne ke ɗan riƙe ni.

Allah ya ji kukanki. Asibitinmu na buɗe sabon ɗakin gwaji, ana neman masu ɗibar jini. Ta intanet ake cike fom, na rubuta miki adireshin a bayan takardar nan, ki sa yayanki Lukman ya kai ki inda ake bugawa. Kada ki yi jinkiri, ƙarshen wata za su rufe.

Ki cike ko'ina, kada ki bar gurbi fayau, mutanen ofis ba sa duba fom ɗin da aka bar masa rami. Ki rubuta abin da kika iya ba tare da kin rage wa kanki ba, na san ku 'yan gida da kunya. Inda aka ce garanto ki sa sunana. Abin da ya rage kuma ki bar mini, ni na san yadda zan yi da shi.

A gurguje nake rubutu, Maikasuwa na tsaye a ƙofa yana ta hon, ko ni da ba na ji sai da na ji. Jikina ma ba daɗi kwana biyu, zazzaɓi ke neman kama ni.

Goggonki,
Ramotu

*

Kontagora, watan Yuli

Goggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Allah ya sa zazzaɓin ya sauka. Inna ta yi dariya da ta ji maganar tuwo, ta ce ke ma ai ba ki bari ba. Ruwa na sauka sosai a nan, katangar bayan gida ta zube amma ba wanda ya ji ciwo.

Na cike fom ɗin, an tura. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Mu uku muka je shagon, ni da Yaya Lukman da Faith. Faith ita ce nas ɗin da muka yi aiki tare a wurin Dakta, ƙawata ce tun muna yara. Komai ya tafi daidai har muka zo wani wuri da ya rabu biyu. Ɗaya na ma'aikaciyar jinya mai lasisi, ɗaya na mataimakiya. A ƙasa kuma ga gurbin lambar lasisi.

Faith ta ce, "Na biyun ne naki. Ki zaɓe shi, a gurbin lamba a rubuta babu."

Yaya ya ce, "Mataimakiya? A Abuja? Albashin ko ɗaki ba zai kama mata ba. Wa ke ɗibar jinin a asibitinku, ke ko ita?"

Faith ta ce, "Ita ce, kuma ta fi ni hannu, kowa ya sani. Amma ba hannu suka tambaya ba, lasisi suka tambaya. Takardar bitar nan ma shaida ce cewa ta halarta, ba ta ba ta izinin komai ba."

Sai Yaya ya zaro wasiƙarki daga jakata ya karanta mana da ƙarfi. Ya ce, "Ga shi nan, Goggo ta ce kada a bar gurbi, ta ce kada ta rage wa kanta, ta ce sauran a bar mata. Wane saura ne in ba lasisin ba? Matar da ta tsufa a cikin asibitin, ke za ki koya mata?"

Na karɓi takardar na sake karantawa, sai na ga kamar hakan kike nufi. Na ce a zaɓi na farkon. A gurbin lamba Yaya ya sa aka rubuta cewa ana kan sabunta shi. Faith ta ɗauki lemarta ta fita cikin ruwa.

Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Amma ina gaya wa kaina ke kin san mutanen, kin san abin da ake yi a can wanda mu na ƙauye ba mu sani ba. Don Allah ki rubuto ki ce mini na yi daidai.

An sace wayata a kasuwa ranar da na je sayen kayan miya, don haka lambar Yaya muka sa a fom ɗin.

'Yarki,
Fa'iza

*

Kontagora, watan Agusta

Goggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na je tasha ba sau ɗaya ba, aka ce motar Maikasuwa na gareji a Tegina, shi kuma ya tafi gona. Ban sani ba ko takardata ta iso ki, ko ta iso kin yi fushi ne, ko jikin ne ya tsananta. Wannan wani direba na ba, Allah ya sa ya gane gidan.

An rufe asibitin Dakta. Na ga ana fitar da gadaje ana lodawa a mota, ban iya tsayawa ba.

Saƙo ya shigo wayar Yaya, an kira ni intabiyu ranar Litinin ta sama. Inna har ta yi sadakar ƙosai. Ni kuwa ko murna na kasa yi. Tunda dai kin yi shiru, na ɗauka kin riga kin gyara abin da kika ce a bar miki.

Fa'iza

*

Abuja, watan Agusta

Fa'iza,

Salamu alaikum. Na ji sauƙi, amma na sha kwanciya, taifot ne, sai da aka ba ni gado. Takardarki ta watan jiya ta kwana cikin motar Maikasuwa a gareji, jiya ya kawo ta duk mai ya ɓata gefenta. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Innalillahi. 'Yata, me kuka yi haka?

Da na ce kada ki bar gurbi, nufina inda ba ki da abu ki rubuta babu. Da na ce kada ki rage wa kanki, shekarun aikinki nake nufi, da takardar Dakta, da yaran da kike ɗibar jininsu ba kuka. Abin da na ce ki bar mini kuwa masauki ne da kuɗin mota, da kuma magana da shugabarmu ta ma'aikatan jinya. Niyyata in je in same ta in ce ga 'yata, ba ta da lasisi amma tana da hannu, a gwada ta a mataimakiya. Sai ciwo ya kayar da ni kafin in je. Lasisi ba abin da ake gyarawa ta bayan gida ba ne. Hukuma ke bayarwa, kuma kowace lamba a rubuce take, ofishinmu na dubawa. Ko ina da iko ba zan yi ba, jinin mutane ne.

Laifina ne da na yi rubutu a gurguje. Amma ke ma kin sani, tunda kin ce zuciyarki ba ta kwanta ba. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya.

Na so in sa wani ya kira Lukman, sai na ga wannan magana ba ta kunnen bare ba ce, ni kuma ba zan ji amsarsa ba. Don haka ki saurara. Ki koma shagon yau ɗin nan, ki rubuta musu cewa an yi kuskure a fom ɗinki, ke mataimakiya ce, ba ki da lasisi. Idan daga bakinki ya fara fitowa, akwai sauran magana. Idan su suka gano, babu. Idan an kira ki, kada ki taka asibitin sai kin fara zuwa gidana.

Ramotu

*

Kontagora, watan Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki, idan har za ki karɓi gaisuwata. Muna lafiya. An yi wa Inna wankin ƙafar, ciwo ya fito a ƙasan babban yatsa.

Na san kin neme ni ranar, na san kin tsaya a bakin get ɗin asibitin. Na gan ki daga cikin motar haya, na sunkuyar da kai. Ba zan iya barin abin haka ba, gara ki ji daga gare ni.

A tasha Maikasuwa ya ba ni wasiƙarki, ranar Lahadi, ina shirin shiga mota. Na buɗe ta bayan mun wuce Tegina. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa. Babu shagon da zan koma, mota na gudu, gobe intabiyu. Kin ce in fara zuwa gidanki, amma kunya ta hana ni. A Suleja na sauka, na kwana wurin yayar Faith. Na yi wa kaina alkawari da na shiga zan faɗa musu kafin su tambaya.

Da safe aka tara mu, aka ce da gwajin hannu za a fara. Aka kawo mini wata dattijuwa mai jiki, jijiyarta a ɓoye. Na gaishe ta, na tambayi sunanta, na duba takardarta, na ɗaure hannun, na lalubo, na ɗiba. Ta ce, "Har kin gama?" Shugabarku na tsaye, ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Goggo, a wannan lokacin na manta da komai. Na ce a raina wataƙila hannun ya isa, wataƙila ba za su tambaya ba. Da aka shigar da ni ofis na zauna ina jiran tambayoyinsu, na saɓa alkawarin da na yi wa kaina.

Wani mutum mai tabarau ya ce, "Sista, mun nemi sunanki a rajistar hukuma ba mu gani ba. Ko da wani suna kika yi rajista?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To mece ce tsohuwar lambar, wadda ake sabuntawa?"

Na ce, "Babu ita, ranka ya daɗe. Ban taɓa yin lasisi ba."

Shugabarku ta ajiye biro. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Muna neman mataimaka ma. Da abin da kike da shi kika rubuta, da yau ba ki fita nan hannu wofi ba. Amma wanda ya rubuta abin da ba shi ne ba a fom, ba za mu ba shi kwalbar jini ya rubuta suna a kai ba. Dokar wurin nan ce, ba ni na yi ta ba."

Sai mai tabarau ya juya takarda ya ga sunanki. Ya ce a kira Sista Ramotu.

Sauran kin sani. Kin shigo da farin kayanki, kin rame, ya yi miki tambaya ba ki ji ba, sai da ya maimaita da ƙarfi har na waje suka ji: "Kin san ba ta da lasisi?" Kika dube ni, kika ce, "Na sani. 'Yata ce."

Na so in ce ba ki san abin da na rubuta ba sai daga baya, amma na bar ki da su. Da suka ce in tafi, na fita ban tsaya ba.

Yaya ya ce mutanen Abuja ne ba su da imani. Shi ya karanta, amma ni na ce a danna.

Fa'iza

*

Abuja, watan Satumba

'Yata,

Na karɓi gaisuwarki, me zai hana? Ki gaishe da innarki. Ciwon yatsan nan kada a sa masa maganin gargajiya, a kai ta babban asibiti a duba, ina roƙonki.

Na tsaya a get har rana ta karkata, na ɗauka kin ɓata a gari. Na dafa miki abinci tun safe, don na san ko ba ki zo kafin intabiyu ba, za ki zo bayanta. Ba komai.

Na koma wurin shugaba washegari. Na kai mata wasiƙunki, na ce ta karanta ta ga yadda abin ya faru. Ta karanta. Ta ce ta yarda da ni, ta kuma tausaya miki, amma an riga an shigar da maganar a fayil, ba za a sake karɓar fom ɗinki ba. Na roƙe ta har na ji kunyar kaina.

Akwai wata maganar, gara ki ji daga wurina kafin Maikasuwa ya kai ta tasha. Kin san tun da na yi ritaya, kwantiragi nake yi da su, shekara-shekara. Na bana zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, sun ce ba za su sabunta ba. A takarda kunne suka rubuta. Kuma gaskiya ne, na daɗe ina karanta leɓen marasa lafiya ina yi kamar na ji, ranar nan kowa ya gani. Kada ki ɗora wa kanki wannan duka. Da ma yana tafe, an dai matso da shi kusa.

Ba zan iya zaman Abuja ba aiki ba. Gida zan dawo. Ɗakin mahaifiyata na nan a gidan gado na bayan kasuwa, in bai rushe ba. Ki sa a buɗe shi ya sha iska.

Idan na zo mu zauna. Akwai makarantar koyon aikin lafiya, ba ki tsufa da karatu ba, ni zan riƙa zama da innarki da Kausar. Ban ce zai yi sauƙi ba, ban ma san ko zai yiwu ba. Amma mu zauna tukuna.

Goggonki,
Ramotu

*

Kontagora, watan Oktoba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya shirin tahowa? Mun kai Inna asibiti kamar yadda kika ce. Sun cire yatsan. Tana gida yanzu, ba ta taka ƙasa, amma tana cin abinci.

Na je makarantar da kika ambata. Sun ce sakamakona na da bai shiga lissafi, daga farko zan soma, kuma sai an sake zana jarrabawar shiga. Na tsaya a tsakar makarantar ina kallon 'yan mata sa'o'in ƙannena suna wucewa da littattafai, na juyo.

Na kai takarda asibitoci biyu a nan gari, da wani a Nasko. Wannan karon da hannuna na rubuta, abin da nake da shi kaɗai. Ba wanda ya kira. Wani mai kemis a hanyar tasha ya aiko a ce in zo in riƙa yin allura da ɗibar jini a ɗakin baya, zai ce wa mutane nas ya ɗauka. Yaya ya ce in karɓa. Na ce a'a. Ya ce to mu ci gaskiyar da dare. Tun ranar ba ma magana.

Faith ta samu aiki a Minna. Ta zo sallama, ta rungume ni, ba ta ce mini ai na faɗa miki ba. Bayan ta tafi na shiga ɗaki na yi kuka.

Na buɗe ɗakin Hajiya mahaifiyarki. Rufin na yoyo ta kusurwa ɗaya, na sa an liƙe. Na share, na wanke, na yi turare, na ɗinka labule. Na sa miki randa a bakin ƙofa.

Ƙanin Inna da ke Mashegu na neman masu taya shi haƙar doya da kwasa, zai biya da abinci da ɗan abin da ya samu. Na ce zan je. Hanyar ba lafiya, na sani, amma zaman nan ma ba lafiya ba ne. Matar Yaya za ta kula da Inna kafin ki iso, Kausar na wurinsu.

Kin ce kada in ɗora wa kaina. Na gwada, Goggo. Kin bar garin nan kina budurwa, kin yi aiki har furfura ba wanda ya taɓa kiran sunanki a ofis don a tuhume ki, sai da na zo. Na san idan kin sauka a tasha za ki nemi fuskata, kuma za ki yi mini murmushi. Wannan murmushin ne ba zan iya tsayawa in karɓa ba.

Gobe da safe babur zai ɗauke ni. Makullin ɗakin na ƙarƙashin matashin Inna. Ki yafe mini ban tsaya tarbarki ba.

'Yarki,
Fa'iza